Mutumin Teburin Bakin Taga

Duk wanda ya taɓa kallon wasan talabijin ɗin nan mai suna Bayan Kasuwa ya san Vernon Tattersall, ko da bai san ya san shi ba. Shi ne dattijon nan mai hular ulu da ke zama a teburin bakin taga a shagon shayin cikin shirin, yana ta motsa baki yayin da manyan 'yan wasa ke zage-zagensu a gaba. Fiye da shekara ashirin ya yi a kujerar nan. An ɗaura aure a gabansa, an rabu, an sha mari, har kisa an yi, shi kuwa yana nan da kofin shayinsa da ya huce tun safe, ba wanda ya taɓa jin muryarsa. A wajen masu shirin, da shi da tebur da labule duk kayan ɗaki ne, sai dai shi da ƙafarsa yake zuwa.

A garin Burnley na arewacin Ingila aka haife shi, a masaƙa ya ci ƙuruciyarsa. Ƙarar injinan saƙa ta kai ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ka ba, saboda haka ma'aikata suka saba hira da leɓe kawai. Ka wage baki, ka fitar da kalma ba murya, na can ƙarshen zaure ya karanta. Da haka ake gulma, da haka ake faɗa, da haka ma Vernon ya nemi auren Glenys daga nesa, injina na ta ruri a tsakaninsu. Ita ma da leɓe ta ba shi amsa, ta ce ya fara aske wannan mummunan gashin bakin tukuna, sai a yi magana. Injinan nan su suka cinye mata ji kafin ta yi furfura. Da suka gama da kunnuwanta, sai aka rufe masaƙar aka sallami kowa.

Yana zaman kashe wando wani maƙwabci ya gaya masa gidan talabijin na neman masu cike gurbi a bayan 'yan wasa. Dokar aikin ɗaya ce: ka motsa baki, kada ka yi sauti. Ranar da murya ta fito daga bakinka ka zama ɗan wasa, kuma ba a ɗauke ka don haka ba. Sauran masu cike gurbin sai su yi ta buɗe baki suna rufewa kamar kifin da aka tsamo daga ruwa. Da aka zo kan Vernon, darakta ya leƙo daga bayan kyamara.

"Kai, wannan a ina kuka samo shi? Sai ka rantse da gaske magana yake!"

Da gasken kuwa yake. Abin da ya fara faɗa a gaban kyamara shi ne, "Glenys, kin bar shanya a waje." Sai bayan makonni aka nuna wannan kashin, aka kuma yi sa'a ana ruwa a ranar. Glenys ta miƙe da gudu ta yi bayan gida, ta dawo tana dariya har da hawaye. Kafin gari ya waye duk tsoffin matan masaƙa na unguwar sun san zancen, don su ma sun karanta. Daga nan Vernon ya zama ɗan aike. Wata ta tare shi a layin sayen kifi da dankali ta ce, "Vernon, don Allah ka ce wa ƙanwata ta dawo min da tukunyata, ni ta daina ɗaukar wayata." Maza kuwa a kulob ba sa raga masa.

"Ga tauraro nan! Maimaita mana abin da ka faɗa jiya mana. Au, na manta, ba a ba ka baki ba."

"An ba ni," in ji shi. "Ku ne ba a ba ku ido ba."

A wancan zamanin kusan rabin ƙasa ke zama gaban shirin da bakwai da rabi na dare. Kashegari da safe alƙaluman masu kallo su iso ofisoshin London, daga wasu 'yan akwatuna da aka liƙa a talabijin ɗin wasu gidaje da ba wanda ya taɓa haɗuwa da masu su. Manya su duƙufa a kansu kamar sakamakon gwajin jini. In tashar can da suke gogayya da ita ta sa gasar kacici-kacici a daidai lokacin, tashar su Vernon sai ta nutsar da amarya a kogi a cikin shirin. Waccan ta matso da nata shirin baya kaɗan don ta riga kama mutane, wannan ta ƙara dare guda a mako. Ba don masu kallo ake yi ba, kowa ya sani, gaba ce kawai tsakanin mutanen da makaranta ɗaya suka yi, gidan abinci ɗaya suke ci. Vernon bai taɓa sa abin a ransa ba. Shi mai kallo ɗaya yake da ita, kuma ba ta taɓa canza tasha ba.

Sai mantuwa ta fara kama Glenys. Da farko makulli, sannan hanyar gida, sannan wata safiya ta same shi a kicin ta tambaye shi cikin ladabi ko wurin wa ya zo. Da abin ya fi ƙarfinsa aka kai ta gidan kula da tsofaffi a bayan gari. Kullum da rana yana zuwa da biskit mai kirim ɗin da take so, kullum ta karɓe shi da fara'ar da ake wa baƙo mai kirki. Mai biskit take kiransa. In ya matso ya ce mata da leɓe, "Ni ne Vernon," sai ta karanta sarai, ta girgiza kai tana murmushi.

"Haba bawan Allah. Vernon ɗina yana wurin aiki. Anjima za ka gan shi a bakin taga."

Kuma da an fara shirin, ta gyara zama, ta shafa gashinta, ta kafe ido a kusurwar hagu ta allon. Wancan Vernon ɗin shi ne mijinta, abin da ya ce kuma shi take yi. Da ta daina cin abinci, Nasreen mai kula da ita ta rasa yadda za ta yi, sai Vernon ya faɗa daga teburinsa, "Glenys, ki ci abincinki." Ranar da aka nuna, ta share faranti. Abin ya faranta masa rai ya kuma ƙona masa shi, don yana zaune a gefenta, hannunsa na taɓa nata, yana kishin hotonsa.

Tun daga nan buri ɗaya ya rage masa a duniya: Vernon na bakin taga ya gaya mata cewa mai biskit shi ne. In daga wancan bakin maganar ta fito, za ta yarda. Amma maganar doguwa ce, mai cike gurbi kuwa ƙyalli ɗaya yake samu kafin kyamara ta juya. Ya gwada sau da yawa, kullum masu tace shiri su datse shi a tsakiya. Wata rana Glenys ta wuni tana tambayar kowa, "Mutumin da ke me? Ya ce mutumin da ke, sai ya ɓace."

Ana haka tashar can ta fito da gasar girki da ƙarfe takwas, mutane suka riƙa tashi daga Bayan Kasuwa tun bai ƙare ba don kada su rasa farkonta. Alƙaluma suka zube. London ta aiko sabuwar shugabar shiri, Tamsin, wadda a haife Vernon ya haife ta. Ta tara masu cike gurbi a tsaye, tana murmushin nan da ba ya kaiwa ido.

"Jama'a, kun yi ƙoƙari sosai, muna ji da ku. Amma matasa ba sa zama shagon shayi. Za mu ƙona shi, mu gina wurin motsa jiki a gurbinsa."

"Mu kuma fa?" in ji wata tsohuwa.

"Za a kawo kek ranar ƙarshe," in ji Tamsin. Ta juyo wajen Vernon. "Kai ma, Victor, ka huta haka nan, ko?"

Bai gyara mata sunan ba. Hankalinsa na kan abin da ya ji a wajen gwaji, cewa kafin gobarar akwai doguwar rigima tsakanin mai shagon da ɗanta, kyamara a tsaye ba motsi, teburin taga a bayansu. Ya samu Gareth mai kyamara, wanda suka daɗe tare, ya gaya masa komai. Gareth ya ce, "Ka zauna daidai kafaɗarta ta dama. In aka dusashe fuskarka, ka tsine min." Ranar ɗauka Vernon ya ajiye kofi, ya dubi kyamara ta gefen ido, ya wage baki irin na masaƙa ya faɗi maganar daga farko har ƙarshe, a hankali. "Glenys, mutumin da ke zuwa miki da biskit kullum, ni ne. Ki dube shi da kyau. Ni ne Vernon." Darakta ya ce an yi, aka kawo kek.

Ranar nunawa ya saka hular ulun da kwat ɗin da yake sawa a shirin, don ta haɗa wannan da wancan. Falon gidan ya cika da tsofaffi. Wani tsohon direban bas ya fara ƙorafin a kai musu girki, Nasreen ta zura na'urar canza tasha a aljihu ta ce, "Mista Holt, yau ko sarauniya ce ta zo sai an gama wannan." Vernon ya zauna kusa da Glenys.

Rigimar ita ce ta kusa da ƙarshe. Gareth ya cika alkawari, ga fuskar Vernon nan tar a bayan kafaɗar matar. Leɓensa suka ce, "Glenys." Ta sunkuyo gaba. Sai wani hoto ya faso daga kusurwar hagu ta allon, wani ɗan wasan barkwanci yana rawa yana nuni da yatsa, da rubutu ja a ƙarƙashinsa: KADA KU TASHI, BABBAN SHIRI NA TAFE. Dabarar da London ta ƙirƙiro ke nan a makon don hana mutane komawa kallon girki. Hoton ya rufe Vernon daga hanci zuwa ƙirji, ba abin da ake gani sai hula da idanu biyu suna roƙo. Bai gushe ba sai da aka gama rigimar, hayaƙi ya fara tashi daga kicin ɗin shagon.

Glenys ta nuna allon da yatsa.

"Ya rufe bakinsa," ta ce.

Vernon ya durƙusa a gabanta don ta ga leɓensa. "Ba shi ya rufe ba. Talla ce, Glenys. Su suka sa."

"Kai me ka sani? Ka taɓa aikin masaƙa?" Muryarta ta yi sama, irin ta wanda ba ya jin kansa. "A masaƙa ba a kare baki sai in ana magana da wata, ba a so matarka ta gani. Ya kira sunana don in kalla, sannan ya ɓoye. Da wa yake magana?"

"Da ke yake. Cewa ya yi ni ne..."

"Bawan Allah, kada ka shiga abin da ba ruwanka." Ta kama hannun Nasreen. "'Yar nan, juya min kujerar nan. Na gaji da kallonsa."

Kashegari alƙaluma suka nuna dabarar ta riƙe mutum kusan rabin miliyan. Aka aika wa Tamsin furanni, jaridu suka ce an ci tashar can da yaƙi, aka yanke shawarar a riƙa sa tallar kowane dare. Gareth ya yi ta fama har ya samo kaset ɗin asali marar talla, ya kawo da kansa. Nasreen ta sa shi a falo, ta sa a ɗaki, ta sa da safe, ta sa da yamma. Da Glenys ta hango tagar shagon sai ta runtse ido gam, kuma kurma in ta rufe ido ba sauran ƙofar da za a bi a same ta.

Vernon bai daina zuwa ba. Wata Lahadi suna zaune a lambun gidan, bargo a cinyarta, ta ƙura masa ido har ya fara sa rai, don ya daɗe bai ga ta dube shi haka ba.

"Kana da kirki," ta ce. "Kana da mata?"

"Ina da ita."

"To bari in gaya maka. In ka tashi barin ta, ka tsaya a gabanta ka faɗa mata, ta ga bakinka. Kada ka yi mata abin da nawa ya yi min."

Vernon ya gyara mata bargon da ke zamewa, ya ce to.