Ishaya da Sifikar da Ya Tafi Kano Nema

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Malam Ishaya, malamin firamare kuma mai kaɗa jitar bes, wato mai kaurin murya, a cocin unguwarsu a nan Potiskum. Ni kafinta ne, Musulmi, ban taɓa zama cikin cocinsu ana ibada ba. Katako ne ya haɗa mu. Wata rana ya shigo shagona da sifika a cikin buhu, ya ce in ƙera mata akwati. Na ƙera, ya kaɗa, ƙurar zarto ta riƙa tsalle a kan teburina, muka yi dariya. Daga nan ya zama duk ranar Asabar yana kan bencina, muna shan shayi.

A wurinsa na fara jin kalmar om, ma'aunin da ake rubutawa a jikin sifika. Ya juya sifikar ya nuna mini lamba a jikin maganaɗisunta, takwas. Ya juya amfilifayarsa, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ya nuna mini wata lambar kusa da ramin waya, huɗu. Ya ce ma'anarta kada a sauka ƙasa da haka. Na ce to ai in an ƙara akwati lamba hawa za ta yi. Ya girgiza kai.

"Malam Audu, a nan abin a juye yake. Takwas da takwas in ka jona su tare, huɗu suke komawa. Lamba na raguwa, wutar da sifika ke ja na ƙaruwa. In ta yi ƙasa da abin da amfilifaya za ta iya ɗauka, sai ta yi zafi ta ƙone."

Sai shekarun tsoro suka zo wa garinmu. Wanda ya zauna a nan bai buƙatar in tuna masa. Shaguna na rufewa tun la'asar, biki ya koma na gaggawa, mutane da yawa suka kwashe iyalansu. Masu waƙar cocinsu suka ragu ƙwarai. Ishaya bai tafi ba, ya ce a nan aka binne kakanninsa, ina zai je? A shekarar da abubuwa suka fara lafawa, suka shirya yin Kirsimeti a filin coci, don waɗanda suka gudu sun ce za su zo. Akwati ɗaya ba zai cika fili ba. Ya sa na ƙera na biyu, daidai da na farko, na yanke bakinsa na ajiye yana jiran sifika.

Ya zaga garin nan kaf. Wadda ya samu mai girman da yake so, lambarta huɗu ce. Huɗu da takwas in aka haɗa ba sa kai uku. 'Yan ƙungiyarsu suka ce a jona haka, ai na yini ɗaya ne. Ya ƙi. Amfilifayar ba tasa ba ce shi kaɗai, jama'a ce ta haɗa hannu aka saya, kuma in ta ƙone a wannan hali babu mai sayen wata. Ya ce zai je Kano ya nemo mai lamba takwas. Matarsa Saratu ba ta so tafiyar ba, don hanya ba ta gama zama lafiya ba. Ya ce mata sammako zai yi Kano ya dawo a ranar.

Ya samu sifikar. A hanyar dawowa, bayan sun wuce Azare, wata tirela ta bar hannunta ta haɗu da motarsu. Ba bindiga ba, ba komai daga abin da muke tsoro a lokacin ba. An kawo wa Saratu jakarsa da takalminsa da kwalin sifikar, ko ɓarin gefe bai yi ba. Ni aka kira in ɗauke kwalin daga ƙofar ɗaki, don ta ce ba za ta iya kallonsa ba.

Na ɗaura sifikar a akwatin na kai wa 'yan ƙungiyarsu. An yi Kirsimeti, amma babu wanda ya taɓa jitar. Bayan wasu watanni wani ya ari kayan zuwa biki a Damagum, ya jona akwatuna huɗu, amfilifayar ta yi hayaƙi. Da na ji labari sai na rufe shago na tafi gida.

Yau aiki ya fi yawa. Masu kiɗan biki da masu Keke Napep duk akwati suke so, kowa burinsa ƙararsa ta danne ta maƙwabci. Ina tambayar su lambar sifika, akasarinsu ba su taɓa juya ta sun duba ba. Wasu na saurara, wasu na cewa in yi aikina kawai. Ina jin da Ishaya na nan, da ya yi murnar ganin gari ya cika har ana faɗa kan wurin ajiye mota. Amma ƙarar nan mai tsatsa da ke fita daga sifikun da aka wahalar, da ta hana shi shan shayi.

Me ya saura nasa? Ba shi da yawa. Ɗalibansa sun watsu, jitar tana wurin ƙaninsa babu igiya biyu. 'Yarsa Rifkatu, wadda ya bari tana aji uku na firamare, yanzu tana karatun jinya. Watan jiya ta zo shagona da wayarta. Wani ya tura mata tsohon bidiyon biki, ga babanta a gefe yatsunsa na motsi.

"Kawu, ina ganin sa, amma ba na jin sa. Ganga da masu waƙa kawai nake ji."

Sifikar waya ba ta iya fitar da muryar bes. Akwai babban akwatin wani mai biki da na gama ranar, na duba lambobi, na jona wayar ta amfilifayarsa. Na ce ta ɗora tafin hannunta a kan katakon. Kiɗan ya fito daga ƙasa, a hankali, ba gaggawa, yadda Ishaya yake tafiya in ya taso daga makaranta. Ta daɗe a tsaye ba ta ɗaga hannun ba. Da bidiyon ya ƙare ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba.

Ta ce, "Kawu, maimaita."