Autarmu da Jarrabawa ta Huɗu

Mu huɗu ne a ɗakin Umma, maza uku da mace ɗaya, kuma macen ce ta ƙarshe. Auta muke ce mata. Ni nake bin Yaya Babba, wanda muke kira Direba yake bi na, sannan aka yi shiru na shekara tara kafin ta zo. Mahaifinmu ya rasu tana aji biyu na firamare, don haka mu muka rene ta, idan dai tsokana da yawan aike sun isa a kira su reno.

Umma ta yi shekara ashirin da ɗaya tana shara da goge-goge a wani asibiti. Takan ce ita da takalmi take gane likitoci, tunda kullum kanta a ƙasa yake. Akwai wanda zai taka inda ta goge tun bai bushe ba ya wuce abinsa, akwai wanda zai ratse gefe ya ce mata sannu da aiki. Irin na biyun take so Auta ta zama. Amma kada a ce tilasta mata aka yi. Yarinyar nan da kanta take biyawa asibitin in an tashi makaranta, ta zauna a benci da jakarta a cinya tana kallon masu shiga da fita, ta dawo gida ta ishe mu da labarin wanda aka ɗinke da wanda aka ƙara wa ruwa, mu kuwa muna cin abinci.

Kai kam tana da shi. Bayoloji kamar ruwa take shan sa. Lissafi ba laifi. Kemistiri ne dai suke gaisawa daga nesa, shi ma malamanta sun ce in ta zauna masa zai zauna mata.

Saura wata biyar ta rubuta jarrabawar shiga jami'a, Umma ta faɗi a bakin famfo tana ɗauraye kwanuka. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, sai kalmomi uku da suka rage mata: "to", "a'a", da "Auta". Ranar da za a sallame mu daga asibiti, wata nas ta tara mu a bakin gado ta yi mana bayani. A juya ta duk bayan awa biyu. A sa filo tsakanin gwiwoyi. Kada a bar ta a jiƙe ko na ɗan lokaci. A riƙa duba ƙugu da dunduniya, domin nan fata take fara buɗewa, in kuwa ta buɗe sai an sha wuya kafin ta rufe. Mu uku muka tsaya muna gyaɗa kai kamar da gaske. Auta ce ta ciro littafin kemistiri ta rubuta komai a bangon baya.

Sau ɗaya na gwada. Na zo zan gyara mata zani don in juya ta, sai ta runtse ido ta mai da fuska bango, hawaye na bin gefen hancinta. Uwa ce, ni kuwa ɗanta namiji. Ban sake gwadawa ba, kuma ba zan ɓoye ba, har cikin raina na ji an sauke mini kaya. Mun ɗauko wata mata ta riƙa taimakawa, kwana huɗu ta yi. Da ta nufo gadon Umma za ta datse baki ta ƙanƙame zani da hannunta mai lafiya, ba abin da za ka ji sai "a'a, Auta". Yaya Babba yana wani gari da iyalinsa, aike da shawara ba sa yankewa daga wajensa, musamman shawarar. Direba kullum yana hanya. Ni ina layi na uku da su, ina aikin haɗa wutar gidaje, kullum da yamma nakan leƙo in tambayi jiki in gyara fankar da ba ta lalace ba.

Ɗakin ba shi da girma. Gadon ƙarfe da roba a ƙarƙashin zanin gado, ƙaramin tebur na magunguna da na'urar awon jini, bokiti biyu a bayan ƙofa. Littattafan Auta suna jere a bakin taga, tabarmarta a ƙasa. A nan take karatu, guntu-guntu. Kafin ta juya Umma, ta goge ta, ta shafa mata mai, ta wanke abin da ya ɓaci ta shanya, rabin awa ya tafi. Ta zauna ta nemo inda ta tsaya, kai ya fara ɗauka ke nan, sai lokacin magani, ko na abinci, wanda cokali-cokali ake ba da shi.

Ranar jarrabawa ta farko, da tafiya da layi da awa ukun da ake ba su, ta yi awa shida ba ta gida. Wata maƙwabciya ce ta zauna, Umma ba ta bari ta taɓa ta ba. Auta ta dawo ta tarar da ita a jiƙe, a ɓarin da ta bar ta. Bayan kwana biyu fatar ƙugu ta buɗe, faɗin murfin kwalba, aka yi wata biyu ana wankewa. Da sakamako ya fito, maki sha ɗaya ne ya hana ta kai abin da ake nema a karatun likita. Muka ce ba komai, baɗi ma rana ce.

Baɗi ta zo, maki ya ragu. Shekara ta uku ya ƙara raguwa, har ya zama abin kunyar faɗa. Nan fa muka yi mata ca. Aka yi taro a tsakar gida, Yaya Babba yana magana ta waya an buɗe murya, ya ce shi a zamaninsu da fitilar kwano suka yi karatu. Direba ya ce ƙawaye ne, alhali ƙawar da ta rage mata ba ta wuce bokiti ba. Ni kuma, da yake dole sai na tofa tawa, na ce latsa waya ce ta cinye ta. Auta na zaune a bakin ƙofa, kunnenta ɗaya na ɗaki.

Gaskiya a lokacin karatun ya fita daga ranta, wannan ba ƙarya muka yi mata ba. Nakan shigo in same ta da littafi a buɗe, in je in dawo, shafin bai canja ba. Wata rana ta ce mini in ta fara karanta layi, kafin ta kai ƙarshensa farkon ya gudu. Ta ce ko ganin bangon littafin ba ta son yi, amma in ta rufe shi sai ta ji kamar ta yi sata. 'Yan ajinsu biyu da suka samu shiga sun zo duba Umma lokacin hutu, da sababbin kalmomi a baki. Ɗaya ta ɗauki na'urar awon jini za ta nuna gwaninta, ta ɗaura a hannun da ya shanye. Auta ta zo ta kwance ta mayar ɗaya hannun ba tare da ta dubi kowa ba, ta shige kicin, ba ta fito ba sai da suka tafi.

Malam Tabarau ne ya buɗe mini ido. Malamin kimiyya ne da ke koyar da masu maimaita jarrabawa, na je yi masa gyaran wuta. Ina kan tsani ya tambaye ni ko ni ne yayan yarinyar nan mai gudu. Na ce wane gudu? Ya ce shekara biyu a jere yana raka ɗalibansa wurin jarrabawa, kuma duk shekara, lokaci bai kai rabi ba, sai ya ga ta fito da sauri tana tsai da abin hawa. Ya ce da farko ya ɗauka irin masu ƙwaƙwalwar nan ce da suke gamawa da wuri.

Na sauko daga tsani. Daga nan gida na wuce, na same ta tana shanya, na tambaye ta. Ba ta musa ba.

"In na kai awa shida a waje, Yaya, wata biyu zan yi ina wanke ciwo. Kuma ba ni nake jin zafin ba."

Na ce me ya hana ta faɗa mana? Ta ce ai ba wanda ya tambaye ta wa take bar wa Umma, abin da ake tambaya maki ne. Ta ci gaba da matse zanin gado.

A karo na huɗu na ɗaura ɗamara. Na roƙi matata, mai yara uku har da na goye, ta riƙa zuwa kullum na mako biyu don Umma ta saba da hannunta. Da ƙyar da lallashi Umma ta yarda ta juya ta, amma ban da wanki. Malam Tabarau ya riƙa biyowa da la'asar, su zauna a zaure da allo ƙarami, ya yi ta fama da ita har kemistirin ya fara sakin fuska. Ba zan ce sha'awar ta dawo mata ba. Ta dai yi karatun kamar yadda take ba Umma magani, lokaci ya yi, a yi. Ranar jarrabawa ni na kai ta a babur, na karɓe wayarta, na ce mata ina bakin ƙofa, in ta fito kafin awa uku ni da kaina zan mayar da ita. Na zauna a rana kamar mai gadi. Tana cikin na ƙarshen fitowa.

Mun tarar da Umma an juya ta yadda ya kamata, kuma a bushe. A bushe take domin tun safe ta ƙi shan ko kurɓin ruwa, don kada buƙata ta taso a hannun suruka. A hanyar gida matata ta ce mini ta yi wannan saboda Allah da kuma Auta, amma kada in sake saka ta. Ba mugunta ba ce. Wuni ta yi tana roƙon tsohuwa ta buɗe baki, jaririnta na kuka a baya.

Tun daga ranar Umma ta rage cin abinci. Cokali uku, huɗu, sai ta kau da kai. Duk inda Auta ta yi a ɗakin idonta na bin ta. Bakinta ne ya tafi, hankalinta yana nan daram, ta san abin da cin jarrabawar nan yake nufi. Ita ta fi kowa son sa, ita kuma ta fi kowa tsoron sa, kuma ba ta da bakin faɗar ko ɗaya.

Makon jiya sakamako ya fito. Na ɗauki Auta muka je shagon kwamfuta da ke bakin titi, mai shagon ya buga takardar ya miƙo yana murmushi. Ta wuce abin da ake nema da maki sha bakwai, an kuma ba ta gurbin karatun likita a wata jami'a mai tafiyar awa bakwai daga nan. An ba da mako uku a je a yi rajista, in ya wuce a ba wani. Ni har na fara cika baki ina gaya wa mutanen shagon ƙanwata ce. Ita kuwa ta karanta sau biyu, ta ninke, ta miƙo mini ta ce in riƙe.

Mun kusa shiga layinmu ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Na tsaya a gindin wata bishiya, ban kashe babur ba.

"Yaya, in na tafi wa zai zauna?"

"Za a san yadda za a yi."

"Wa?"

Na ce za mu zauna da su Yaya Babba. Na ce Allah ba zai hana hanya ba. Ta ce ta ji, suna kawai take so in faɗa mata, mutum ɗaya, na shekara shidan da za ta yi tana karatu. Na duba titi, na duba madubin babur. Ta jira ni sosai, ba ta gaggauta ni ba. Daga baya ta ce mu tafi, lokacin juyi ya kusa.

Muna shiga Umma ta ɗago kai daga filo iya ƙarfinta, tana duban hannun Auta, tana duban nawa. Auta ta ajiye mayafi, ta durƙusa a bakin gado ta gyara mata ɗankwali.

"Bai kai ba, Umma. Saura kaɗan."

Umma ta yi kuka, kukan gaske, har kafaɗarta mai lafiya na rawa. Ta kama yatsun Auta ta riƙe tana ta cewa "to, to". Auta ta share mata fuska, ta juya ta ɓarin hagu, ta sa filo, ta ɗauko abinci. A gabana Umma ta cinye kwanon nan tas, abin da ta yi mako shida ba ta yi ba. Ina tsaye a bakin ƙofa, takardar na aljihun rigata. Magana ɗaya ce tsakanina da gaskiya, na kuma san in na faɗe ta, tambayar da aka yi mini a gindin bishiya kaina za ta sake dawowa, wannan karon a gaban Umma. Na yi shiru. Kunyar wannan shirun ba ta sake ni ba har yau, kuma ba ta sa na buɗe baki ba.

Saura kwana goma sha ɗaya a rufe rajista. Jiya da rana ina kan aiki Yaya Babba ya kira, labari ya kai masa cewa makin bai kai ba. Ya ce shi fa ya gaji, sau huɗu ai ba rashin sa'a ba ne, yarinyar nan ba ta da himma, ba ta san darajar abin da ake yi mata ba. Ya ce tunda ni ne a kusa, in zaunar da ita in gaya mata ta ji tsoron Allah ta dage, ko don Umma.

Na ce to, Yaya, zan gaya mata.