Yadda tafiyar ƙasa ta ƙara mini tumbi

Shekarun baya can, Turawa ba su tafi ba tukuna, na samu aikin awo a rumfar sayen gyaɗa a Haɗeja. Aikin zaune ne, ga gyaɗa a gabanka wuni guda. Kaka biyu kawai na yi, wuyana ya ɓace. In na sunkuya ɗaura takalmi sai na yi nishi kamar mai sauke buhu.

Mahaifina yana da gonar shinkafa a fadama, tun ina yaro nake sa rai tawa ce. Wata rana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Fadama ba ta son mai haki. In ruwa ya sauka ba ka iya sunkuyo, ɗan ƙanena zan ba." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, don na san ba ya faɗa ya janye.

Abokina malamin asibiti ya ce in riƙa auna tuwona da ɗan ƙoƙo, wai haka likita Bature yake yi. Na gwada sau ɗaya. Mu kuwa ciyayya muke a ƙofar gida, kowa ya fito da akushinsa a haɗa hannu. Ina fito da ƙoƙon, wani dattijo ya ce, "Kai, tuwon ma awo za ka yi masa? Mu ba gyaɗa muka kawo ba." Aka yi ta dariya, na tura ƙoƙon ƙarƙashin tabarma.

Sai na koma tafiyar ƙasa, kullum da safe daga gari zuwa bakin kogi. To, hanyar ta bi ta ƙofar goggona. "Ɗan nan, ka wuce ba ka sha kunu ba?" In sha. Gaba kaɗan masunta na gasa tarwaɗa, su ce bismilla, kuma ba a ƙin tayi. A dawowa ga mai fura da nono ta san ni. Wata ya zagayo, zariyar wandona ta ƙara gajarta. Ashe yawon cin abinci nake yi, ina kiransa motsa jiki.

Da na gane, sai na sake hanya, na riƙa bi ta bayan gari inda babu kowa sai ƙaya da balbela. Wurin ciyayya kuma in ci daidai, in riga kowa tashi da sunan ɗebo ruwan wanke hannu. Goggo ta yi fushi, ta aika a tambaye ni ko kununta ne ya yi tsami. Sai da na je na durƙusa na ba ta haƙuri.

Da ruwa ya sauka na bi mahaifina fadama. Na kama fartanya tun hantsi, ban miƙe ba sai azahar. Yana zaune yana kallo. Da za mu tafi ya ce, "Gobe ba sai na zo ba."

Yanzu jikokina suna duba waya kafin su kai loma baki, suna lissafin abin da ke cikin lomar. Ba na hana su. Ni dai ban ƙirga komai ba, amma sai da na san inda abincin yake shigowa, don tafiya kaɗai ba ta fisshe ni ba. Shinkafar da suke aunawa ɗin ma daga gonar nan take, kuma har yau in na tuna raina fari yake yi.