Takardar Garanti a Cikin Azara

Idan na rufe ido ina tuna fadamar Danchadi, kore nake fara gani, kore mai laushi har bakin sama, sai ƙarar injin ban ruwa daga nesa kamar ana daka a wani gida. A ranin da nake magana, namu injin ne ya yi shiru, wata biyu kacal da sayensa, albasar mahaifina kuwa ta fara ƙwai.

Ni lokacin ina koyarwa a firamare, ina ji da bokona. Na ce ai akwai garanti na shekara guda, ko kamfani ya canza mana ko mu haɗu a kotu. Baba ya dube ni ya ce, "Albasa ba ta san kotu ba, ɗiyana. Ruwa taka so."

Sai muka shiga neman takardar. Baba yana da wata ɗabi'a: duk takardar da ya ga baƙin Larabci a jikinta ba ya barinta a ƙasa, sai ya naɗe ya cusa a azarar zaure. Takardar garantin tana da Larabci a bayanta, don haka ba a cike ta ba, ba a buga mata hatimi ba, can ta tafi. Da muka zaro ta, gara ta ci rabi. Raina ya ɓaci sosai, har na yi masa magana da muryar da har yau nake jin kunyarta.

Shugaban masu sayar da injuna na kasuwar Bodinga shi ya zaunar da mu a rumfarsa, da mu da mai shagon da wakilin kamfani, wani siriri da ya zo daga Sakkwato. Baba ya kwance ƙunshin takardun azarar gaba ɗaya a kan tabarma, don bai yarda ya raba su ba: ledar dabino, guntun kalanda, takardar maganin tari. Iska ta shigo tana ɗaga su a hankali, yana bi yana dannewa da tafin hannu. Na daina jin hayaniyar kasuwa, ina kallon yatsunsa kawai.

Wakilin ya ce a ƙa'ida wannan takarda ta mutu. Shugaba ya ce, "Ranka shi daɗe, ba sakaci anka yi ba. Girmamawa ta yi mata yawa." Aka yi dariya, har shi wakilin. Ya daɗe yana juya guntuwar, sannan ya ba mu zaɓi: sabon inji bayan mako uku, ko su gyara wannan cikin kwana biyu, garanti ya ƙare daga nan.

Na matso na raɗa wa Baba ya karɓi sabo, haƙƙinmu ne. Ko kallona bai yi ba.

"A gyara muna shi," ya ce. "Kwana shida ke nan albasa ba ta sha ba."

Ranar da injin ya dawo, hantsi ne. Ruwa ya fito daga tiyo ya bi lambatu yana sheƙi, ƙasa tana shansa da wani ɗan sauti, ƙanshinta ya tashi. Baba yana gaba da fartanya, yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali, ni ina biye. Yawancinsu sun farfaɗo. Huɗu na can ƙarshe kuwa sun riga sun bushe, ganyen ya kwanta fari fat. Na ce mu tsaya nan, kada mu ɓata man inji.

Ya sa fartanya ya buɗe musu su ma, ya tsaya har suka cika.

"Su ma sun jira," ya ce.