Tsoho a Gidan Yaro

Kawuna na Yendi yana da manhajar buga ajami da ba ta aiki sai a tsohon tsarin kwamfuta. Da na kawo masa sabuwar kwamfuta daga Bawku, sai na saka tsohon tsarin a cikin sabon, ya zauna a ɗan lungu a fuskar na'urar.

Kawu ya ɓata rai. "Wa ya taɓa ajiye babba a lungu?" Dole na faɗaɗa shi ya cika fuskar. Sannan ya kafa doka: sai an gaida tsohon kafin a taɓa sabon. Ga tsohon tsarin kuwa da tafiyar hawainiya! Ranar da na yi tsaki ina jiran ya buɗe, Kawu ya dube ni. "Ashe haka kake yi mini idan ina naɗa rawani?"