Wankin Rahila

Masana sun daɗe suna gardama a kan abin da ke riƙe da duniya. Kakanninmu sun ce ƙahon sa ne, littattafan da na koyar a lakwal, wato makaranta, sun ce wani ƙarfi ne da ido ba ya gani. Ni dai, bayan dogon nazari, na tsaya a kan igiyar shanya. Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rahila, kuma har yau in na ga shuɗin wando a kan igiya sai na rage tafiya.

Daga ƙasar Maradi mijinta Ishaya ya kawo ta Akokan, a zamanin da ramin uraniyom ke haɗiye maza da safe ya amayo su da yamma. Ni na biyo su daga baya da alli a aljihu. Kiristocin garin ba mu da yawa, kowa ya san tarin kowa a majami'a. Rahila ba ta wa'azi, waƙa kuwa fasto da kansa ya taɓa roƙonta ta riƙa rerawa a zuci. Bangaskiyarta a bahon wanki take.

Ishaya kan dawo da kayan aikinsa sun yi furu-furu da ƙurar rami. Ta karɓa a bakin ƙofa, ta kakkaɓe su a jikin bango har ƙurar ta lulluɓe ta, sannan ta jiƙa, ta cuɗa da hannu. Da gwaurayen layinmu suka gano hanya, Kirista da Musulmi, sai su ma suka riƙa ajiye nasu a zaure. Ba ta taɓa mayar da na kowa ba.

Wata rana na ce mata, "Yaya, wannan ai bauta ce aka ɗaura mata ɗankwalin addini."

Ba ta ko ɗago kai ba. "Ƙanena, Ubangijinka ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutanensa, ya ce mu yi wa juna haka. Ƙafar Ishaya kullum tana cikin takalmin ƙarfe. Abin da hannuna ya samu shi nake wankewa. Matsa, ka taka mini sabulu."

Mu Hausawa mukan ce bin na gaba bin Allah, amma sau da yawa tsoro ne muke yi wa kwalliya da karin magana. Nata ba haka yake ba. Ishaya mutum ne da ko kaza ba ya iya kora daga tabarma, bai taɓa ba ta umarni ba. Wanda take yi wa biyayya yana sama da shi, kuma a wurinta ƙauna da "to" kalma ɗaya ce. Takan ce wanda kake ƙauna, in ya ce yi, ba ka tsaya neman dalili. Na yi ta neman inda zan sa wa wannan magana jan biro, ban samu ba.

Tari ne ya fara, busasshe, irin wanda ake cewa zai wuce. Bai wuce ba. A gidan likita aka ba ciwon suna mai tsawo da Faransanci, aka ba ta ƙwayoyi. Babu likitan da ya ce mana ga mafarinsa, ni kuwa malamin nahawu ne, ba zan ɗora wa kowa abin da ban tabbatar ba. Na dai san ba ta taɓa shiga rami ba, kuma tarinta da na mazan da suka tsufa a cikinsa ba a bambancewa ta bayan katanga. Da bokiti ya gagare ta, sai ta zauna tana cuɗawa daga zaune. Da zaman ya gagara, aka kwantar. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka taya mu fasa ƙasar kabarin, waɗanda ta yi wa wanki suna gaba da diga.

Yau an rufe ramin Akokan. Gidaje da yawa sun zama kufai, an ɓalle ƙofa da kwano. Wasu mazan sun bi manyan motoci hanyar Assamakka ta bakin iyaka, wasu sun tafi neman zinariya, wasu suna maƙabarta. Abin da ya ƙi tafiya shi ne tsibin dusar ma'adini a bayan gari. Da Rahila za ta leƙo, ba na jin za ta yi dogon sharhi. Za ta ji labarin mutanen da ake korowa ana zubowa a iyaka da riga ɗaya a jiki, ta tambayi wa ke wanke musu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'yarta Tabita. Mijinta yana cikin masu aikin binne tsibin nan, kuma na same ta kwanan baya tana kakkaɓe wandonsa a bango, jaririya goye a baya. Na ce ta bari. Ta ce, "Kawu, haka Mama take yi." A zumuntar mata ma da sunan uwarta ake yi wa amare nasiha. Ba na so a daina ambatonta. Ƙaunar gaskiya ce, na ci tuwonta, na sa rigar da ta wanke, kuma ban ga wanda ya bi Almasihu da hannu biyu kamarta ba. Sai dai biyayya ƙafa biyu gare ta, yi na yi da bari na bari, mu kuwa ɗaya muka gada muke ɗingishi da ita.

Na kai wa Ishaya ƙarar Tabita. Ya tsufa, numfashinsa sai da lallashi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. A shekarunsa na ƙarshe a rami akwai ɗakin wanki a bakin fita, kuma an ce kowa ya bar kayan aikinsa a can. Shi ya ci gaba da kawo nasa gida. Ya ce injin wankin can yana cinye maɓallai.