Zuwa Basirka Da Gwangwanin Inna

Birnin Kudu, biyar da rabi na asuba

Ranar Asabar ce. Ban gama naɗe dadduma ba Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinmu da mayafinta, wani gwangwani a hammatarta, an naɗe shi da tsohon zane. Inna kakata ce, ita ta haifi Ummata. Gwangwanin kuwa faffaɗa ne kamar faifai, a cikinsa akwai naɗin fim irin na majigi. Shi kaɗai ya rage a kayan kakana Malam Garba, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba.

Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Da ƙuruciya ya yi busa ƙaho da 'yan badujala a Kano, daga baya ya zama direban motar majigi, suna yawo ƙauyuka ana haska wa mutane fim a bango. Bayan rasuwarsa Inna ta buɗe gwangwanin, ta ɗaga fim ɗin saitin rana, ta ga 'yan mitsi-mitsin mutane a jere riƙe da ƙahoni. Na uku daga hagu, in ji ta, shi ne. Amma ba ta taɓa ganin an haska fim ɗin ba. A makon nan aka gaya mata akwai wani tsoho a Gwaram, Malam Haladu, wanda injinsa na majigi ke aiki har yanzu, sai dai an sayar da shi, yau da la'asar mai saye zai zo daga Kano ya ɗauka.

"Taso, gwanar shiru," in ji Inna. "Idona ba ya kai nesa, naki zan ara."

Tasha, shida da minti goma

Mu ne na farko a motar Gwaram, wato mu za mu fi kowa jira. Inna ta shiga, ta fito, ta sake shiga. Duk wanda ya gifta da jaka sai ta leƙa ta tambaye shi ko Gwaram za shi, har ɗan kamasho ya ce ta bar masa aikinsa. Direba ya miƙo hannu zai saka gwangwanin a but.

"Hajiya, tuwo ne kike rungume haka?"

"Mijina ne. Ka taɓa ganin an saka miji a but?"

Mutanen mota suka yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Sai takwas da minti biyar muka tashi.

A wani shinge ɗan sanda ya ce a buɗe gwangwanin. Da aka ɗaga murfin sai wani wari mai tsami ya cika motar, kamar na ruwan tsamiya da ya kwana. Ya yamutsa fuska ya ce mu wuce. Na lura gefen fim ɗin ya fara lanƙwashewa, amma ban gaya wa Inna ba.

Gwaram, tara da minti arba'in

Mun sami gidan, mun sami kwaɗo a ƙofa. Wata mai ƙosai a gefe ta ce Malam Haladu ya koma wurin ɗansa a Basirka tun damina, da injin da komai. Inna ta sayi ƙosai, muka ci a tsaye, ita ƙwaya ɗaya kawai ta ci. A tasha motar Basirka mutum biyu ne a ciki. Inna ta dubi rana, ta kira ɗan acaɓa.

Ni ce a tsakiya, gwangwanin a jikina, na lulluɓe shi da hijabi don kada rana ta dafa shi. Kusa da Farin Dutse sarƙar babur ta faɗi. Muna tsaye a bakin hanya, yana gyara, Inna tana zagaye shi.

"Hajiya, ki zauna a inuwa mana."

"In na zauna sarƙar za ta hau?"

"In kin tsaya ma ba za ta hau ba."

Basirka, sha biyu saura minti goma

Malam Haladu dogo ne siriri. Da Inna ta faɗi sunan kakana ya daɗe yana kallonta.

"Garba direba. Allah ya jiƙansa. Mota ɗaya muka yi aiki."

Injin yana cikin kwali, har an ɗaure da igiya. Ɗansa ya kwance ba da son ransa ba, yana cewa mai sayen ya riga ya baro Kano. Malam ya zaro fim ɗin a hankali yana bi da yatsa, ya ce irin waɗannan gajeru ne, na kiɗa, minti uku kacal, su ake fara haskawa don mutane su taru kafin a sa na allurar rigakafi ko na noman gyaɗa. Sai yatsansa ya tsaya.

"Hajiya, wa ya ɗinke wannan?"

Na matsa na duba. An yanke fim ɗin, an haɗa bakin biyu da allura da baƙin zare, ɗinki ƙanana masu kyau irin na bakin hula. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma.

"Ni ce," in ji Inna. "Yarana bakwai, kowa na yankar masa inda ubansa ya fi fitowa. Na takwas nawa ne. Ai na mayar na haɗa."

Malam ya riƙe haɓa. "Kin haɗa kam. Amma inji ba ya cin zare. Kuma duk inda ya fito babba kin cire."

Inna ta kwance lalitarta ta fito da nata yankin, tsawon kamu guda, a naɗe cikin ƙyalle. Ta riƙe shi jim kaɗan kafin ta miƙa.

Idon Malam ba ya ganin zaren, na Inna ma haka, ɗansa kuwa yana waje da waya a kunne. Aikin ya faɗo kaina. Da reza na riƙa tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, Malam yana nuna mini yadda zan daidaita 'yan hujojin gefe in manne da salatif. Gumi yana sauko mini a hanci. A na biyar ɗan ya leƙo ya ce mutumin ya wuce Birnin Kudu. A na bakwai aka kira azahar. Muka yi salla, na koma na manna yankin Inna a gurbinsa.

Biyu da rabi

Aka toshe taga da bargo, aka ta da janareta. Injin ya yi ƙara kamar keken ɗinki, haske ya faɗa kan bango.

Baƙaƙen mutane ne cikin fararen kwat, sun zauna sahu uku, kowa da ɗan teburi a gabansa. Wani ya tsaya gaba da siririyar sanda yana murmushi. Kiɗan ya fito da sauri, ganga tana bi ta ƙasa, sai sahun baya suka miƙe gaba ɗaya suka ɗaga ƙahoni sama, suka zauna, na gaba suka amsa musu. Wata mace ta fito tana waƙa da Turanci tana kaɗa yatsu. Ban san lokacin da ƙafata ta fara motsi ba. Amma duk sanda hoton ya nufi mutum na uku, sai fim ɗin ya yi tsalle, kiɗan ya tsinke, a ga an koma wani wuri. Sau bakwai. Kowane tsalle Inna sai ta ɗan zabura.

Sannan ya fito. Ya cika bangon. Ya miƙe, ya kai ƙahon baki, kumatunsa suka cika, ya lumshe ido. Bai kai numfashi biyu ba aka wuce.

"A sake," in ji Inna.

Aka sake. Ta taso ta je dab da bango har inuwar kanta ta shiga hoton.

"Rukayya, kunnensa na dama. Akwai tsaga?"

Na so in ce ban gani sosai ba. Amma na gani.

"Babu, Inna."

"Kakanki kuwa ƙofar mota ta tsaga masa nasa." Ta juya wurin Malam Haladu. "Ka sani tun ɗazu."

"Daga Amurka ake kawo irin waɗannan fina-finan, Hajiya, sun girme mu duka. Garba ya fi son wannan ne, shi ya sa ya riƙe. Na ga gara ki gani da idonki."

A waje aka yi hon. Ɗan ya shigo da igiya a hannu.

Komawa

Mun sami mota kai tsaye zuwa Gwaram, daga can wata zuwa gida. Inna ba ta yi wa direba ko ɗaya magana ba. Gwangwanin yana cinyata, sau biyu ta miƙo hannu ta gyara masa zane.

Bakwai da kwata muka shiga gida. Umma tana tsakar gida, ta ajiye ludayi ta taso. Na ga har ta fito da nata yankin fim ɗin tana riƙe.

"Inna, kun gan shi?"

Inna ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta nemi ruwa ta sha.

"Ba shi ba ne. Wani bawan Allah ne daga Amurka, kuma ya fi ubanki iya busa." Ta dubi abin da ke hannun Umma. "Mayar da shi inda kike ajiyewa. Tun kina goye yake zaune da mu, yanzu kuma ina za shi?"

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Haladu, da Inna da ta ce in rubuta yadda abin ya faru, kada in gyara komai.